Kaka Tana Saukowa Daga Dutse

Farkon Oktoba na bar Asheville
ganye kore shar, ba abin da ya taɓa shi.
Mil ashirin, hanya ta fara murɗewa,
kunnena ya toshe, ya buɗe, ya sake toshewa,
sai ga bishiya guda a bakin kwana
jawur, kamar an tsoma ta a karan dafi.
Na rage gudu. Na bayana ya danna mini hon.

Gidan Verna Ledford yana can ƙololuwa,
inda gajimare ke kwana a kan shinge.
Shekara tamanin da bakwai, huhu ya gaji.
Ni ce mai zuwa da jakar magani,
in gwada jini, in ƙirga numfashi.
Ita kuwa launi take ƙirgawa.

Sunana Balaraba, ita Barbara take cewa,
na gyara sau biyu, na bar mata.
Ta ce, "Launi ba ya ɓullowa ta gefe.
Daga sama yake saukowa, a ƙafa,
kan dutse tukuna, sannan kafaɗa,
in dare ya yi sanyi ya ɗaga ƙafa.
Sai ya ci mako uku kafin ya iso ƙofarki."

Akwai kwalin takalmi a ƙarƙashin gado
cike da tsofaffin kalandu.
Kowace shekara an kewaye rana ɗaya,
ranar da ja ya taɓa shingenta.
Na farkon rubutun mijinta ne, manya-manya.
Daga baya nata, yana ƙara karkacewa.

Mako na biyu dutsen ya zama marina.
Ruwan ɗorawa a kan masu farin ɓawo,
ruwan goro a gangare,
can ƙasa kuma kore bai ji labari ba.
Motoci daga Florida sun cika gefen titi,
kowa ya ɗaga waya sama.
Na kira ƙanena Ɗanlami a Vermont,
ya ce, "Mu nan an watse, rassa ne tsirara."
Ƙawata a Savannah ta ce, "Wane ganye?
Fanka nake kunnawa."

Na gaya wa Verna, a Funtuwa
ganye in zai tafi ba ya tsayawa kwalliya,
gawo ma da damina yake tuɓe nasa
don kada a ce ya bi sahun kowa.
Na ce a harshenmu kaka lokaci ce,
kaka kuma uwar uwa.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta,
na riƙe mata kofi.

Mako na uku ba ta iya zuwa taga.
"Ina ya kai?"
Na ce ya wuce cocin Barnardsville,
ya tsallake gadar, yana wajen gidan mai.
Ta rufe ido. "Bana ya makara da kwana shida."
Nata bishiyoyin sun riga sun zube,
iska na share su zuwa bakin rafi,
ruwan ƙasa, masu ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi.

Ranar Laraba 'yarta ta kira ni da asuba.
Ban hau dutsen ba.

Uku ga Nuwamba na fito zubar da shara,
sai ga ta bakin layinmu,
wadda nake wucewa kullum ban san sunanta ba,
ta ƙunsa lalle har gwiwar hannu.
Na tsaya da leda a hannu, ƙafata cikin silifa,
sanyi na cizon yatsuna.
Ta iso, a ƙafa, kamar yadda aka ce.

Ba ni da kalandar bango.
Na koma ciki, na juya takardar kuɗin wuta,
na rubuta ranar, na kewaye ta.