Gammon Dutse

Na kawo shi gida a ƙasan jaka,
nannaɗe cikin tsohuwar takardar jarrabawa.
Daga Samaru har Tukur-Tukur
yana ta dukan cinyata a cikin bas.

Baba Cindo na bakin zaure,
hannu biyu a kan gwiwa,
hannayen da suka haƙa rijiya saba'in da 'yan kai
tsakanin Jushi da Ƙofar Gayan.
Na ɗora masa a tafi.
Ya jinjina nauyin, ya shinshina,
ya ce, "Wace ce ta naɗe gammo ta manta
har ya zama dutse?"

Na ce sunansa amonait.
Halittar teku ce, mai ɗaki cikin ɗaki.
A ramin farar ƙasa muka tono shi, can wajen Gombe,
mu goma sha tara da malaminmu,
rana na dafa mana ƙeya.

"Teku a Gombe?"
Dariya ta sarƙe shi har da tari.
"Ni da ƙishi ya kusa kashe ni a hanyar Dukku?"

Na ce, Baba, kai ka koya mini
ƙasa shimfiɗa take yi, ba ta tsallake layi:
ja a sama, marmara na biye,
sai yumɓu mai sanyi, sai yashin da ke gumi,
kuma na ƙasa ya riga na sama kwanciya.

"Wannan ko jakina ya sani."

To saura yaushe, Baba.
Shimfiɗa na faɗin wa ya riga wa,
amma ba ta faɗin shekara.
Ka tuna tulun da digarka ta fasa
a rijiyar gidan Mairiga,
cike da anini mai huda a tsaka?
Ba ka tambayi kowa ba, ka ce,
wanda ya binne wannan bai ga naira ba.

Ya yi shiru. Ya tuna.

Su ne aninan teku.
Kowane zamani da irin bugunsa:
wani da ƙaya a doro,
wani sumul kamar ƙwan zabo,
wani ya kumbura ciki ya zama ɗan tulu.
Ba su daɗe da kama ɗaya,
ga shi sun bi ruwa sun cika duniya.
In ka ga irin wannan a dutsen Gombe,
ka sake ganinsa a wani dutse bayan hamada,
to duwatsun nan biyu tsara ne,
ko ba su taɓa jin labarin juna ba.
Wannan da ke hannunka
ya haura shekara miliyan casa'in.

Bai kula lissafin ba.
Farcen babban yatsansa ya sami wani abu,
wasu siraran layuka masu lanƙwasa
kamar sawun gara a jikin azara.
Ya bi su a hankali,
sai ya kai hannu kuncinsa
inda wanzami ya rubuta asalinsa tun ran suna.
"Ashe har da tsagar gidansu."
Na ce da ita muke gane dangi.

"To ni me ya hana ni samun ko guda?
Gaba nawa na nutsa cikin garin nan?"

Zariya a kan tsohon dutse take, Baba,
wanda wuta ta haifa, irin su Kufena.
Ya girmi wannan nesa ba kusa ba,
kuma bai riƙe wa teku ajiya ba.

Ya daɗe yana kallon lambar
da aka rubuta masa da farin fenti a gefe.
Na ce Litinin zan mayar, aro na yi.

"Shekara arba'in ina bin ruwa a ƙasa,
ke kin je kin samo inda ya kwana ya tashi."

Ya jawo butarsa ta alwala,
ya tsiyaya masa kaɗan a tsakiyar naɗin.
Tsagar ta yi duhu, ta fito raɗau.
Na buɗe baki zan ce kada ya jiƙa lambar.

"Bar shi ya sha," in ji shi.
"Ya daɗe."