Kafin Keke, Kafin Gudu

Ƙarfe shida, Kubanni bai gama farkawa ba,
na tuɓe takalmi a bakinsa,
ɗan shekara arba'in da uku,
mai gyaran agogo a Sabon Gari
wanda lokaci ke tsere wa cikin ruwa.

Barau na kan kwalekwale yana ƙirga:
hannu uku, numfashi ɗaya.
Na kai huɗu, na kurɓa.
Ya ce, "Ruwa ba sa'an kwando ba ne, Tanimu,
daina dambe da shi, kwanta masa."

Keke kam na san shi.
Daga Kwangila zuwa Shika cinyata ba ta taɓa kai ƙara ba.
Gudu ma, Kufena shaida ce.
Amma nan ƙasa ta janye hannunta,
ba abin takawa sai numfashina.

Ranar gasa na fito na ashirin da bakwai
cikin talatin da ɗaya,
gwiwa na rawa, ina laluben kekena.

Da dare na buɗe wani agogo a shago,
ɗigo ya faɗo daga kunnena
kan tebur, dab da hannun daƙiƙa.
Na bar shi ya bushe da kansa.