Inci Goma Sha Takwas

Ranar da tsohuwar kwamfutata ta tebur ta yi shiru,
bayan shekara tara tana gurnani kusa da ƙafata,
Don Evaristo ya buɗe cikinta, ya leƙa, ya girgiza kai:
"Ximena, wannan kam sai haƙuri."

Ya sunkuya bayan kanta ya ciccibo wata,
wai ita ta cinya ce.
Na ce, cinyar wa?
Inci goma sha takwas, faɗin tiren mai gasa burodi,
kilo uku da rabi ban da caja,
cajar kuwa bulo ne aka sa wa wutsiya.

Gidana yana kan tudu a Valparaíso,
matakala ɗari da arba'in da biyu daga titin bakin teku.
A ta sittin na sauya kafaɗa.
A ta casa'in na zauna na zagi Don Evaristo har kakansa.
A ta ƙarshe na yafe masa,
don numfashin zagin ya ƙare.

Gaskiya dai gaskiya ce: fuskarta ta yi.
Sana'ata zana tsofaffin gidaje kafin su durƙushe,
ga gidan su Urrutia ya shiga gaba ɗayansa,
daga rufin kwano har tsagar da ke ƙasan taga,
ban yanke shi biyu ba, ban ƙanƙance ido ba.
Ruwan ɗorawar bangon ya fito yadda rana ta bar shi,
har tsatsa ta samu haƙƙinta.

Amma a ɗora mata aiki mai nauyi a ji.
Fankarta na huci kamar jirgin kaya zai bar tasha.
Kyanwata Pancha ce ta ci ribar wannan,
ta gano inda ɗumi ke fita, ta mai da wurin gado.

Batir, takarda ta ce awa shida.
Na duba agogo: awa biyu da minti goma.
Sauran suna can bakin mai talla.

A kwana na huɗu wuyana ya kai ƙara.
Na tara littattafan babana uku na ɗora ta a kai.
Madannai suka yi mini nisa, na sayo wasu.
Na sayo linzami. Na sayo lasifika.
Waya ta haifi waya.
Kafin mako biyu, wadda aka ce matafiyiya ce
ta kafa turke a daidai gurbin marigayiya,
ko falo ba ta taɓa leƙawa ba.

Ban gaya wa Don Evaristo dalilina ba.
Shekarar da wuta ta ci tudun da ke bayanmu,
na ga ɗan Doña Herminia tsaye cikin toka
yana tona akwatin ƙarfen da ya narke
da aikinsa na shekara goma a ciki.
Tun ranar na ce, ni tawa naɗe ta zan yi in ruga.

Daren Talata, ƙarfe uku, ƙasa ta motsa.
Kofuna suka hau gardama a cikin kabad.
Ban san sa'ad da na sauka ba,
sai ga ni a titi da rigar barci, takalmi wari ɗaya,
Pancha a ƙirjina tana yagar wuyana,
maƙwabta kowa ya zuba wa teku ido.
Na ɗaga kai.
Can sama tagata na haske,
gidan su Urrutia a buɗe, yana jiran in gama masa ƙofa.

To, mai tambaya ko za ta maye gurbin ta tebur:
za ta maye, har ta gaji halinta na zama.
In kana da tebur mai ƙwari da soket a kusa, saya.
In don gudu ne, ban sani ba,
ni dai hannuna biyu ne, kuma daren nan a cike suke.

Da gari ya waye na hau, ɗari da arba'in da biyu.
Batir ya mutu.
Na share ɓaraguzan fenti daga fuskarta da haɓar riga,
na laluba ƙarƙashin tebur ina neman bulon.