Jan Layi

Ban ko kurɓi kokona ba
na tarar da takarda maƙale a ƙofar jirgi,
rubutun Tabawa, ɗalibar da aka sa wa tashin la'asar jiya:
“Agogon inji ya yi ta ihu tun ban bar ƙasa ba.
Na fasa. Na dawo da shi rumfa.”

Na turo shi waje, na sa wa taya waigi.
Raɓa ba ta bushe a fiffike ba.
Baba Jatau na zaune kan garwa,
shekara talatin da ɗaya yana ci da kunnensa a Palladan.
Ya ce, “Tayar mu ji.”

Na tayar.
Lambobi suka yi tsalle: dubu biyu da ɗari huɗu.
Baba ya karkata kai kamar mai satar jin gulma,
ya daga mini yatsa, na kashe.
“Rabin haka yake juyawa,” in ji shi,
“ko ka kai ni gaban alƙali.”

Na manna ɗan tef mai ƙyalli a bayan farfela,
na sa Dogara ya tayar, na ja da baya,
na saita na'urar hannu tana ƙirga walƙiya.
Dubu ɗaya da ɗari biyu da goma.
Baba ya ce goman nan iska ce.

Ashe wanda ya ɗaura sabon agogon ranar Talata
ya gaya masa bugu ɗaya, juyi ɗaya,
alhali injin nan sai ya buga sau biyu yake zagayowa.
Agogo bai yi ƙarya ba,
karatun da aka biya masa ya maido.
Wanda ya biya masa kuwa
yana sauri ne ya tsallake Kwangila kafin magariba,
kuma takalmansa ne a ƙafata.

Na danna, na danna, ɗaya ta koma biyu.
Agogo da na'ura suka yi baki ɗaya
a ƙasa, a tsakiya, a sama.

Saura iyaka.
Na buɗe littafin masu inji, shafin da baƙin mai ya ɓata.
Juyi, ja a dubu biyu da ɗari bakwai.
Zafin mai, ga inda rawaya za ta fara ƙifta ido.
Ƙarfin mai, ga inda in ya faɗo ba sauran shawara.
Zuciya ta ce rage kaɗan, don tsoro.
Baba, da bai ga yatsana ba, ya ce,
“Karen da ke yi wa kowa haushi,
ranar ɓarawo ba wanda zai fito.”
Na ce, in kuma na ɗaga?
Ya ce, “Sai ya yi haushi bayan an kwashe.”
Na bar ta inda littafi ya ajiye ta.

Tsakanin kore da ja
bai fi faɗin farcena ba a kan gilashi,
amma 'yar wani ce za ta zauna a ciki
da gonakin Shika a ƙarƙashinta kamar facin riga.

Na rubuta a kundi, na sa hannu.
Wurin dalili biro ya tsaya mini,
sannan na rubuta gaskiya, ƙanana-ƙanana.

Sha ɗaya saura ta iso.
“Wa ya ɓata?”
Na ce ni.
Ba ta ce komai ba, ta miƙo hannu na ba ta na'urar,
ta auna da kanta, sau biyu,
ta duba agogo, ta dube ni, ta ɗaura bel.

Na tsaya har ta zama ɗigo wajen Kufena.
Koko ya yi fata, ƙuda biyu sun riga ni.
Baba bai ɗaga kai ba, idonsa a rufe.
Can ya ce, “Dubu biyu da ɗari uku.
Ba ni sifana goma.”