Sa'o'i Ɗari da Ashirin

Alƙali ya yanka masa sa'o'i ɗari da ashirin,
diyyar gilashin shagon da Fergus ya fasa.
Ba kurkuku. Buroshi, bokiti,
da riga ruwan goro da ake hangowa tun daga gadar Tay.

Ana yayyafi irin na Dundee, mai shiga ƙashi.
Yana kankare benci na uku a lambun unguwa
sai ga sunansa, wanda ya zana da wuƙa
yana ɗan sha biyu.
Ya daɗe yana kallo,
sannan ya binne shi da koren fenti.

Tsohuwa Morag ta tsaya da karenta.
Ba ta tambayi laifinsa ba.
"Yaushe zai bushe? Gwiwoyina sun gaji."
"Gobe," ya ce.

Saura tamanin da bakwai.