Wuƙa ta Talatin da Biyu

A Kajaani, a watan da rana
ke leƙowa kamar wadda ake bi bashi,
Aulis Hyvönen ya sauka ɗakin ƙasa
da wuƙa naɗe cikin tsohuwar jarida.

Talatin da ɗaya na rataye a bango,
kowace da ƙusarta, kowace da katinta:
ga banatin da ya rage wa tsawo,
ga baƙar nan mai gadon baya kamar zarto,
ga wadda ya ɗinka wa kube har sau uku
don ɗinkin farko ya karkace, na biyu ya matse ta.
Shekara arba'in yana gyaran birkin jirgin ƙasa,
hannun da ya saba da ƙarfe
bai san ana yin ritaya ba.

Wannan a kasuwar gwanjo ya tsinto ta,
tsakanin agogo matacce da takalmin ƙanƙara.
Wuƙar soja ce, ba ta lanƙwasa, ba ta naɗewa,
tsatsa ta ci ta har ta yi gyatsa,
fatar ƙotar ta bushe, ta dare gida-gida.

Reijo ya zo, ya ɗaga ta saitin fitila.
Ya ce, "Kar ka kuskura.
Da tsohuwar zuma ake magani.
Ka goge tsatsar nan, ka goge kuɗinta,
ka goge wanda ya riƙe ta."
Aulis ya ce, "Ni ba makabarta na buɗe ba."
Shekara ashirin suna wannan musu,
kofi na hucewa a tsakaninsu.

Daga saman bene Tuovi ta jefo tata:
"Wuƙa talatin a gidan nan,
ni kuwa da dakusassa nake yanka albasa!"

Dare ya yi. Ya ɗaure ta a maƙala,
ya ɗauki magagari ya ci kan ƙusar gindi,
ya zare fatun ɗaya bayan ɗaya,
suna marmashewa kamar gurasar jiya.
Goma sha bakwai. Sha takwas.
Sai hannunsa ya tsaya.

A jikin tsiraicin ƙarfen,
inda ido bai taɓa sauka ba,
wani ya naɗa jan zaren ulu sau bakwai,
ya ƙulle shi ƙulli irin na yara.
Ƙasa kaɗan, da bakin ƙusa,
an karce harufa huɗu masu rawa: Irja.

Ashe an riga shi kwance wannan ƙota.
Wani, a wani dare, ko a rami ko a tanti,
ya buɗe ta, ya ɓoye gidansu a ciki,
ya mayar da fata, ya damƙe,
ya tafi inda aka tura shi.
'Ya ce? Ƙanwa ce? Ko wadda ta ce za ta jira?
Kati ba shi da layin wannan tambaya.

Aulis ya daɗe zaune.
Injin ɗumama ɗaki na tari a lungu.

Kwana tara ya yi yana yanka farin ɓawo
na itacen nan na bakin tafki,
yana jerawa, yana matsewa, yana shafa kakin zuma.
Zaren bai taɓa shi ba. Sunan bai goge ba.
Ya rufe su kamar yadda ya same su.
Kaifin kawai ya wasa,
a hankali, dutse da ruwa,
har ya aske gashin bayan hannu.

Ƙusa ta talatin da biyu tana nan a bango,
babu abin da ke rataye a kanta.
Reijo in ya zo sai ya kalle ta ya yi tsaki.

A sama kuwa, da safe,
Tuovi na yanka baƙin burodi da kifi,
tana cewa ƙotar nan da ɗumi take,
kamar yanzu wani ya ajiye.