Gadin Dare a Yantala

Ƙarfe biyu na dare, Yamai ta yi tsit,
sai injin maƙwabta da tarin mai gadi.
Wuta ta tafi tun bayan isha'i,
kwalbar bakwaini ta huce kamar murhun jiya.
Na ɗauko ɗan Tsahara, kilo guda da ɗan ɗori,
na kwantar da shi a tsakiyar ƙirjinta,
na ɗaure su da zane, ƙulli biyu a baya.
Na ce, yau ke ce kwalbarsa, kar ki motsa.

Ta ce, Inna Ma'u, wa ya koya muku wannan?
Na ce, dabbobi.
Ta yi dariya har ɗinki ya tuna mata da kansa.

A littafin lakkol na jikana Illo na ga ɗayarsu,
can Ostiraliya, bayan ruwan da ba ya da gada.
Fosam suke ce mata, sunan bai zauna a bakina ba.
Girman kyanwa, ido kamar an wanke goro,
hanci ja-ja, kunne a miƙe,
wutsiya mai kama reshe kamar hannu na biyar.
Yini take a kogon itace, a dunƙule,
sai duhu ya sauka ta fito kiwo a sama,
ganye, fure, ɗan itacen da ya nuna,
takan goga ƙirji a reshe ta bar warinta,
wai a san mai wuri ta wuce ta nan.

Amma haihuwarta ce ta hana ni rufe littafin.
Cikin bai kai sati uku ba.
Ɗan ya fito kamar ƙwayar wake,
ba ido, ba gashi, ƙafar baya ba ta gama ba.
Babu ungozoma, babu almakashi.
Da hannuwa biyu yake jan jiki cikin gashin uwa,
har ya faɗa jakar da aka halicce ta da ita,
ya kama nono, nonon ya kumbura a bakinsa
don kar iska ko tsalle su raba su.
Wata huɗu, wata biyar, yana nuna a ciki
kamar mangwaron da aka tsinka da wuri aka binne a dusa.
Daga nan sai goyo,
ya ɗare bayanta, su bi rassa tare.

Tsahara ta yi barci ban kai ƙarshe ba.
Na haska tocila, na ƙirga numfashin yaron,
arba'in da takwas, tafin ƙafarsa ya yi ɗumi.

Na leƙa taga.
Jemagu na dawowa daga lambunan bakin Isa,
suna rigima a kan mangwaron asibiti.
Wata ta rataye kai ƙasa, ɗanta manne a ƙirji,
ta ja fiffike ta lulluɓe shi.
Shekara talatin ina wucewa ƙarƙashinsu
ina tsaki saboda kashin da suke zuba mana a benci.

Illo ya ce idan dare ya raba a nan
can rana ta kusa tsaka.
To, tana kogonta yanzu, ta naɗe wutsiya,
ɗan wake na tsotso cikin duhun jaka,
ta bar mini gadin.
In na sauka da hantsi, na kama hanyar Gamkalle,
in yi wanka, in ja labule,
ita kuma ta fara miƙa, ta shinshina iskar magariba.

Wuta ta dawo da kiran assalatu,
kwalba ta yi ƙara, fitilarta ta kama.
Na tsaya a kansu da hannu a kan ƙullin zanen.
Yaron ya sami nono da kansa.
Na bar su, na je ɗora ruwan shayi.